Ranar Da Kawu Barmini Ya Yi Wa Dodon Koɗi Foti

Wai ku ba ku da aiki ne sai tambaya? Mutum bai gama wanke hannu ba kun tare shi da gwangwani, wai Kaka duba, bayan dodon koɗinmu ya ƙi yin ƙwari. Wa ya aike ku kamo shi? Yana zaman zamansa a gindin randa, bai roƙi kowa masauki ba, kun tsare shi a gwangwanin madara kuna cusa masa ganye kamar akuya. Miƙo in gani. Ai kuwa! Bakin katantanwar ya koma kamar ɓawon albasa. To ku zauna. Ke, sauke ƙafarki daga kan matashina. Ku ji abin da ya sami wanda ya fi ku gemu a kan irin wannan, don ba zan maimaita ba.

A layin da muka taɓa zama akwai wani mai gyaran jikin mota, irin waɗanda in mota ta yi karo suke bubbuga ta, su cike lotsawar da foti, su goge, su fesa fenti. Kowa Kawu Barmini yake ce masa, saboda ba a taɓa faɗin wata matsala a gabansa bai buga ƙirji ya ce "bar mini" ba. An bar masa famfon layi, muka koma ɗibar ruwa a layin baya. An bar masa agogon bangon Mai Aski, tun daga ranar agogon da baya yake tafiya. A gyaran mota kam, ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa na da kyau. Illarsa ɗaya, a wurinsa duk abin da ke duniya mota ne.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, shi kuwa ya ƙwallafa rai a kan Gwaggo Tela, wadda shagonta ke kallon garejinsa. Ita ma mijinta ya rasu. Mace ce mai tsare gida, ba ta dariya sai da dalili. Ya kai mata maganar aure har ya gaji da kaiwa, kullum amsarta ɗaya: "Ina ji, Barmini." Ta ci gaba da taka keke.

Abin da take so a duniya bayan 'yarta shi ne dodannin koɗinta. Manya ne, su biyar, a cikin wani tsohon akwatin katako mai danshin ƙasa, a inuwar bayan shago. Babbansu ya cika tafin hannu, ta sa masa suna Gaggawa. In an tambaye ta me take yi da su, tunda ba ƙwai ba nono, sai ta ce, "Shekara da shekaru muna tare, ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya a cikinsu."

To sai 'yarta ta haihu a wani gari mai nisa, ya zama dole ta je ta zauna da ita har ta warware. Tana cikin tunanin wanda za ta bar wa akwatin, sai ga Barmini a bakin ƙofa, hannu a ƙirji.

"Bar mini."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Barmini, ba mota ba ce."

"Haba ranki ya daɗe! Ni da na tayar da tirela daga rami, ƙwaro zai gagare ni?"

"To saurara. Inuwa. Ƙasar nan kada ta bushe. Ganye da ɓawon kayan lambu. Sannan kullum da safe ka je wajen Mai Shayi da wannan kwanon, ya zuba maka ɓawon ƙwai. Ka wanke, ka shanya, ka daka ya yi laushi, ka barbaɗa musu. Ka ji?"

"Na ji, na ji." Alhali idonsa na kan ɗan kunnenta.

Ta miƙa masa kwanon da makullin shago. "In na dawo na same su yadda na bar su, za ka ji amsar maganarka."

Wayyo! Ranar ko hular kansa ba ta zauna daidai ba.

Washegari ya ɗauki kwano ya nufi teburin Mai Shayi. Shi kuwa Mai Shayi mutum ne mai bakin tsiya, kuma Barmini ya daɗe yana zarginsa da son Gwaggo Tela, don kawai yana ƙara mata madara. Benci cike da mutane. Mai Shayi na hango shi ya ɗaga ludayi sama.

"Jama'a a ba da hanya! Ga angon gobe ya zo kwasar shara!"

Aka kwashe da dariya. Barmini ya tsaya cak, ya mayar da kwanon bayansa.

"Wa ya ce maka wajenka na zo?"

"To kwanon na mene ne, Kawu?"

"Na auna fenti ne."

"A teburin shayi?"

"Hanya ce ta biyo da ni. Kuma bari ka ji, daga yau dabbobin Tela sun bar cin sharar teburinka. Da can ba su da gata ne. Kafin ta dawo sai na ninka girmansu, Gaggawa sai an ɗauke shi da hannu biyu. Ku zuba ido!"

Mai Aski, wanda ke gefe yana tsoma burodi, ya ce, "Mun zuba. Agogona ma har yanzu ido muke zuba masa."

Barmini ya koma gareji ya kife kwanon a saman kantar kayan aiki, ya naɗe hannun riga. Ya dubi akwatin katakon nan ya yi tsaki. Ya yanko gilasan gaban mota, ya haɗa musu gida mai hawa biyu, har da matakala. Ya zubar da ƙasar kaf, wai ƙazanta ce, ya shimfiɗa musu kafet ɗin wata tsohuwar mota, yana yayyafa masa ruwa. Abinci kuwa latas da kokwamba zalla, a yanke a jere a kan faranti. Ya liƙa ƙaramin madubin gefe a kusurwa, wai don su riƙa ganin ci gabansu.

Da farko abin kamar ya yi. Suna ci, suna ƙiba, jiki na tumbatsa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya janyo shi ya gani. Har mai kawo gyara sai ya fara gaida Gaggawa kafin a duba motarsa.

Ana nan, wata safiya Mai Aski ya leƙo, ya kanne ido ɗaya ya manna ɗaya a gilashi.

"Kawu, bakin kwanson nan lafiya? Ina hango naman ta cikinsa."

"Sabon yayi ne. Da can kauri ya yi musu yawa, shi ya sa ba sa sauri."

Amma da Mai Aski ya tafi, ya ciro Gaggawa ya ɗaga shi a haske. Tsohuwar katantanwar na nan da kaurinta, ruwan ƙasa mai sheƙi. Sabon tohon da ya fito a baki kuwa fari fat, siriri, duk ya yamutse. Barmini ya ce ƙura ce. Ya ɗauko tsumman goge mota ya murza. Ƙas! Wani ɗan yanki ya ɓalle ya manne a tsumman.

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya duba sauran huɗun, duk haka suke.

Da mai hankali ne, da a nan ya sauko da kwano. Kwanon na saman kantar yana kallonsa. Amma ya tuna ludayin Mai Shayi a sama, ya ce a ransa, jiki ne ya lotsa, kuma gyaran jiki ai gidansa aka zo.

Ya jera su a kan benci, ya buɗe gwangwanin fotin mota. Kun san warin abin nan, ko mutum sai ya kau da kai. Bai ko taɓa su da shi ba, suka shige ciki gaba ɗaya, kumfa na fitowa fu-fu-fu. Ya ƙwanƙwasa bayan Gaggawa da farce. Shiru. Ya kira sunansa. Shiru. Sai ya ɗora hannu a ka ya fito titi.

"Sun tafi! Jama'a sun tafi! Aurena ya mutu!"

Layi ya taru. Mata suka leƙo da zannuwa a hannu, sun ɗauka mutum ne. Mai Aski ya bar wani da rabin kai a aske ya rugo, mai rabin kan ya biyo shi da tawul a wuya. Mai Shayi ya ratso taron da butarsa, ya rufe gwangwanin fotin da ƙafa, ya yayyafa musu ruwa. Can sai ga 'yan ƙahonin Gaggawa sun leƙo, ɗaya bayan ɗaya.

Mai Shayi ya ce, "Kawu, mamatanka sun farfaɗo. A fasa zaman makoki?"

Barmini ya share ido da gefen riga. "Na sani. Gwada su nake yi."

"Ɓawon ƙwai dai na nan in kana so."

"Ka soya shi ka ci!"

Ya gane dai fotin mota ba zai yiwu ba. Ya zauna yana tunanin foti marar wari, sai makullin shagon Tela ya soke shi a aljihu. Ya buɗe shagon. A cikin durowar keke ga allin da take zana yadi da shi, cike da gwangwani, shuɗi da ja da rawaya da fari. Ya ce aro ne. Ya daka shuɗin, ya kwaɓa da ɗan sitaci, ya ɗauko gashin kaza ya bi bakin kowace katantanwa ya shafe, ya lallaɓa da yatsa har ya yi sumul. Ku zo ku ga aiki! Ko sabuwar mota albarka. Ya sake kiran layi.

"Wannan shi ake kira gyara. Shuɗin baki. Ko a ƙasashen waje sai manya."

Gari na wayewa ya zo buɗe gareji yana fito. Ya leƙa gidan gilashi, fiton ya yanke. Babu foti. An kankare shi tas, ko ɗigo ba a bari ba, fararen bakunan nan na nan tsirara.

Bai tsaya tunani ba, ya nufi teburin shayi.

"Kai! Fito ka faɗa wa jama'a abin da ka yi!"

"Na dafa shayi, Kawu. Da sukari ko babu?"

"Ka shiga garejina ka kankare mini aiki!"

"Ni? In bar barcina in je in kankare bayan dodon koɗi? Da me, da cokali?"

"Ka ga! Ya ma faɗi abin da ya yi amfani da shi! Ku shaida!"

Mai Aski ya ce, "Mun shaida kana buƙatar hutu."

Barmini ya koma ya daka jan alli, ya sake shafe su, ya sa wa gidan gilashi kwaɗo, ya sa wa gareji kwaɗo biyu. Da safe babu foti. Ya daka rawaya ya shafa, ya barbaɗa toka a ƙasa tun daga bakin gidan gilashi har ƙofa don ya kama sawun ɓarawo. Da safe ga sawu raɗau a cikin toka, takalmi mai faci a dunduniyar hagu. Ya bi shi a sunkuye, yana kiran mutane su zo su gani. Sawun ya fita ƙofa, ya tsallaka titi, ya zagaya bayan shagon Tela, ya dawo ya tsaya daidai inda Barmini yake tsaye. Mai Aski ya sunkuya ya ɗaga masa ƙafar hagu kamar mai duba doki.

"Kawu, mun kama shi."

Har mai rabin kan nan, da ya dawo a ƙarasa masa, sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Wani abin kuma ya ƙara ɗaga masa hankali. Kashin dodannin ya canza launi. A kan kafet ga shuɗi, ga ja, ga rawaya, an jera kamar zaren ado. Ku da kuke yara kun riga kun gane, na ga bakinku na motsi, ku yi mini shiru. Shi bai gane ba. Ya tattara a murfin kwalba ya kai wa Mai Aski.

"Ka ga abin da maƙiya suka yi? Sun kankare, sun murza, sun zubar mini a ciki don su ci mini fuska."

Mai Aski ya sunsuna, ya mayar masa. "Kawu, wannan ta ciki ya biyo."

"Ta cikin wa?"

"To ni dai ban ci ba."

"Kai aski ka sani. Bar mini."

Haka aka yi ta yi. Ya shafa da yamma, safiya ta cinye. Gwangwanin allin Tela ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har aka fara jin ƙarar gindinsa. Barmini ya rame. Motocin mutane suka yi layi a gareji ba mai taɓa su. Wani direba ya zo karɓar motarsa ya tarar ƙofar na nan a lotse, mai gyara na tsugune da gashin kaza yana yi wa ƙwaro kwalliya. Ya tsaya ya kalla, ya juya ya tafi.

Sai ga waya. Tela ce, ta ce gobe da hantsi tana hanya. "Ya yarana?"

"Yaranki? Ba za ki gane su ba!"

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ranar ya yi dabarar da yake gani ta fi kowace. Ya tattara ragowar allin duka, kowane launi, ya daka, ya yi kwaɓi mai kauri. Da sassafe ya shafa, don kada maƙiya su sami lokaci. Bai tsaya a baki ba, ya bi bayan gaba ɗaya, ya ja layi-layi, Gaggawa har da tauraro a tsakiya. Bai yayyafa musu ruwa ba, don kwaɓin ya bushe, su kuwa suka shige ciki suka yi lamo. Ya fito da teburin yankan Tela ƙofar shago, ya jera su a kan faranti, ya rufe da sabon yadin wata mata da ta kawo ɗinki. Ya bi gida-gida yana gayyata. Ya sa riga mai aiki. Har Mai Shayi ya aika wa, wai ya zo ya ga yadda ake riƙon amana.

Layi ya cika. Mota ta sauke Gwaggo Tela da jakarta. Ta dubi taron, ta dubi teburinta a waje, ta dubi yadin.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, ranki ya daɗe. Tarba ce." Ya gyara murya. "Jama'a! Kun san yadda aka ba ni dabbobin nan, a cikin ƙasa, suna cin shara. Yau ga su!"

Ya fizge yadin.

Abubuwa biyar a kan faranti, kamar alewar yara. Wata tsohuwa ta ce, "Na sayarwa ne?"

Tela ta ajiye jaka a hankali. "Barmini, ina dodannin koɗina?"

"Ga su nan. Wannan mai tauraron shi ne Gaggawa."

"Suna da rai?"

"Rai? Hutawa suke yi. Manya ba sa fitowa haka nan."

"Mai Shayi, ara mini butarka."

"A'a, kada a jiƙa!" Barmini ya tare da hannu biyu. "Aikin bai gama kamawa ba."

Ta dube shi sau ɗaya, hannuwan suka sauka da kansu. Ta yayyafa ruwa.

Sai ga ƙahoni. Gaggawa ya fito, ya miƙe wuya, ya juya kai dama da hagu. Ga latas a gefen faranti, ko kallonsa bai yi ba. Ya nufi na kusa da shi. Kun san tafiyarsu. Mutum sai ya je kasuwa ya dawo ba su ƙetare faranti ba. Amma ba wanda ya motsa a wurin nan. Barmini ya fara zufa.

"Gaisawa za su yi," ya ce. "Na koya musu zumunci."

Gaggawa ya kai. Ya ɗora kai a bayan ɗan'uwansa. Ya hau.

"Wasa ne. Suna da son wasa."

Sai aka fara ji, don wurin ya yi shirun da ko numfashi ana ƙirgawa: ƙar, ƙar, ƙar. Gaggawa na kankarar foti da baki. Inda ya wuce, layin ja ya ɓace. Na uku ya hau bayan Gaggawa ya fara da tauraro. Kafin a jima duk biyar ɗin sun cure wuri ɗaya, kowa na cin bayan kowa.

Mai Aski ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Kawu, ga maƙiyan."

Mai Shayi ya ce, "Kuma ba su zo da cokali ba."

Layi ya fashe. Wata ta riƙe cikinta ta jingina da bango. Direban nan mai lotsattsiyar ƙofa ya yi ta dukan bonet ɗin motarsa har ya ƙara mata wata lotsawar. Barmini na ta magana, ba mai jin sa: wai dama haka ya tsara, wai foti ne mai aiki biyu, ado da abinci.

Tela ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki Gaggawa, ta wanke shi a hankali da ruwan buta, ta share da gefen mayafinta, ta ɗaga shi yadda kowa zai gani. Ta ɗora farce a inda ruwan ƙasa ya ƙare, fari ya fara.

"Nan ne ranar da na tafi." Ta matsa da farcen. "Nan aka murza shi har ya ɓalle. Nan kuma ya ɗan fara kauri, da ya sami abin da zai lasa. Barmini, da me dodon koɗi yake gina bayansa?"

"Da... da kulawa."

"Da abin da ya ci. Daga ciki yake gini. Ka hana shi ƙasa, ka hana shi ɓawon ƙwai, ka cika masa ciki da ruwan kokwamba. Yunwar ƙwari ta sa suna cin bayan juna. Sau nawa ka je da kwanon?"

Barmini ya dubi sama. Ya dubi takalminsa mai faci.

Mai Shayi ya ce, "Ya zo, Gwaggo, kada a zalunce shi. Ya zo auna fenti." Ya koma teburinsa ya jawo wani buhu, ya dire a gabanta. Ɓawon ƙwai ne, a wanke, a bushe. "Kullum ina tara masa. Matata har ta fara tambaya ko sana'a na canza."

"Matarka?" in ji Barmini. "Kana da mata?"

"Da 'ya'ya, Kawu. Kai ne ba ka taɓa zama ka sha shayi ba balle ka tambaya."

Tela ta shiga shago ta fito da gwangwanin alli, ta kife shi. Ƙura ce kawai ta zubo.

"Wannan kuma da me zan yi yanka gobe?"

"Bar mi..." Ya haɗiye sauran.

Tela ta ce, "Na ce in na dawo za ka ji amsa. To ga ta, a gaban waɗanda ka gayyato. Ka dawo mini da akwatina da ƙasata yau. Ka cika gwangwanin nan. Kullum da safe ka ɗauki kwano ka je wajen Mai Shayi, lokacin da bencinsa ya cika, ba kafin nan ba. Ka wanke, ka daka a nan ƙofar shagona. Ranar da farin layin nan ya bar baki ya koma can baya, sabon gini mai ƙwari ya rufe gabansa, ka zo mu yi magana."

"Ranki ya daɗe, ai wannan sai... yaushe ke nan?"

"Tambayi Gaggawa."

Haka fa aka yi. Kowace safiya ga Kawu Barmini da kwano, ga ludayi a sama, ga "a ba da hanya". Tun yana haɗa rai har ya fara zama ya sha shayi. Ya daka ɓawon ƙwai har tafinsa ya yi kanta. Kullum sai ya tsuguna gaban akwati yana lallashi: "Haba Gaggawa, ɗan ƙara ƙoƙari mana, ka ci sunanka." Sau ɗaya aka kama shi da ma'aunin gareji yana auna bakin katantanwa, Tela ta ɗaga kai daga keke, ya mayar aljihu.

Damina ta wuce, wata ta kusa, kafin layin ya juya baya. Ta aure shi, eh. Ta ce namijin da ya jure wa bencin Mai Shayi tsawon wannan lokaci zai jure mata.

Amma farin layin bai taɓa gogewa ba, haka yake a jikin katantanwa, abin da ya shiga ya shiga. Bayan auren, in baƙi sun zo, Barmini ya fara buɗe ƙirji zai ce shi ne ya gano sirrin kiwon dodon koɗi, sai ta tashi ta ɗauko Gaggawa, ta ajiye a gabansa, ta juya layin ya kalle shi. Sai ka ji ya ce, "Af, shayinku zai huce."

To kun ji. Gobe wanda ya ci ƙwai ya kawo mini ɓawon, ku wanke, ku daka da kanku, ni ba baiwarku ba ce. Ku fitar da bawan Allahn nan daga gwangwani ku samo masa ƙasa mai danshi. Wanda kuma na kama da fentin farce kusa da shi, zai gane kurensa. Kai, kada ka sake tambayata ko Gaggawa na nan da rai. Ku tashi, kowa ya wanke hannu, ku wuce ku kwanta.